Ƙunshin da Na Riƙa Kaiwa

Tausayi ne ya sa shi, ko kuwa laifinsa ya riƙa rufewa da hannuna? Yau kwana arba'in da 'yan kai ina juya wannan tambaya, wanda zai amsa ta kuma yana kwance a bayan gari.

Ni ban yi lekkol ba, ban taɓa shiga aji ba. 'Yata ta tsakiya ce ke rubutawa, ina faɗa tana sawa a takarda. Babban ɗana ne ya ce a rubuta wani abu a kan mahaifinsu, a aika wa dangi a Damagaram da mutanen da ya yi aiki da su a ƙasashen waje, don kada a manta da shi. Na ce to, amma ni zan faɗa, kuma abin da na faɗa shi za a rubuta.

Ranar da maigidana ya rasu, layinmu na unguwar Sersuf ya cika har mota ba ta wucewa. Maƙwabtanmu Buzaye suka kafa tanti a ƙofar gida, matansu suka ɗora tukwanen kuskus, ba su bar ni na taɓa ko ludayi ba. Larabawa 'yan kasuwa da ya gina wa shaguna suka zo. Wani tsoho ya taso daga ƙauyen Tit da buhun dabino, ya ce maigidana ne ya ɗaure masa bakin rijiyar lambu tun yana saurayi, har yau ba ta zube ba. Samarin Nijar masu aikin gini suka ajiye aikin yini guda, alhali yinin nan shi ne abincinsu. Wayar ɗana tana ta ƙara daga Dubai da Doha, muryoyin maza suna kuka. Duk wanda ya zo bakin ƙofar ɗakina ya yi mini gaisuwa sai ya ƙara da labari, wannan ya ce shi ya koya masa riƙe cokalin gini, wancan ya ce a zaurenmu ya fara kwana a garin nan.

Mutum biyar ne ba su ƙara komai ba. Su ne tsofaffin ma'aikatansa da suka yi shekaru tare da shi a Dubai, har da ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya. Suka zo a jere, suka ce Allah ya ji ƙansa, ya ba ni haƙuri. Aminiyata tana zaune kusa da ni, ta ɗaga labule don ta amsa musu. Da suka gan ta, kowannensu ya sunkuyar da kai, suka juya. An ce ko abinci ba su tsaya ci ba.

Aminiyata kuwa ta fi ni kuka. Tare muka hau mota ɗaya daga Agadas muna amare, muka ƙetaro iyaka zuwa ƙasar nan, shekara arba'in da wani abu muna maƙwabtaka. Ta riƙe hannuna tana cewa, "Ƙawa, yanzu wa zai riƙa kawo mini gaisuwar ɗana?" Surukarta, matar wannan ɗan nata, tana zaune a bakin ƙofa. Ita ba ta yi kuka ba. Ido kawai ta zuba wa ƙofar ɗakin maigidana, ni kuma na kasa kallonta.

Bari in fara faɗin ko wane ne shi, don kada a ce tsohuwa ta manta alheri.

Magini ne, ɗan magini. Bahago ne kuma, da hagu yake riƙe komai in ban da abinci. Ba ya shiga gida bai ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa ba, ya kara kunne. Ya yi haka a gidan surukai, ya yi a masallaci, ya yi a asibiti ranar da aka kwantar da shi, ya dubi likita ya ce, "A nan an yi rowar siminti." Duk maganar da aka kawo masa, ko ta aure ce ko ta rikici, amsarsa ta farko ɗaya ce: "Bari mu auna tukuna." Yara suka riƙa kwaikwayonsa a bayan idonsa, ya sani, bai taɓa hana su ba.

Idan baƙi suka iso daga hanyar sahara ƙafafunsu a tsattsage, shi da kansa yake kai musu ruwan ɗumi a kwano da man shafawa. Ba ya tambayar mutum sunansa sai ya ci ya ƙoshi. Na sha yin faɗa a kan zauren nan da ba ya rabuwa da mutane, ya ce, "Mu wa ya tambaye mu suna ranar da muka zo?"

Akwai shekarar da ya karɓi aikin katanga a garin In Ekker. Kwana uku ana gini, ya ja igiya ya ga ta karkace kamar faɗin yatsa biyu. Mai aikin bai gani ba, kuma ba zai taɓa gani ba. Maigidana ya sa aka rushe ta tun daga tushe. Ya dawo gida fuskarsa a ɗaure, na ce ai wannan ɓarna ce. Ya ce, "Shi bai gani ba, ni na gani." Ku riƙe wannan, don mutumin da na sani ke nan. Shi ya sa abin da zai biyo baya ya ƙi zama a kaina.

Wani Balarabe mai sayar da karo, dutsen daɓen ɗaki, shi ya buɗe masa hanyar Dubai. Yadda ya yi mini bayani, manyan kamfanoni ne ke ɗaga ginin, sai su yanka aikin gunduwa-gunduwa. Shi sai ya karɓi kwangilar shafe da daɓen hawa kaza zuwa hawa kaza, ya kawo mutanensa su yi. Daga Dubai ya yi Doha, ya yi Istanbul, har ƙasar Sin ya je duba kaya. Wata goma yana can, wata biyu yana nan. Ya ce akwai ginin da idan ka hau shi kunnenka toshewa yake, ka leƙo ka ga motoci kamar tururuwa. Ya ce zafinsu jiƙaƙƙe ne, ba irin namu busasshe ba. Ni dai ji nake yi. Ban taɓa wuce filin jirgi ba.

Yana da doka biyu wajen ɗaukar ma'aikata. Ta farko, ba ya tafiya da mutumin da bai san ƙofar uwarsa ba. Ta biyu, sai ya hau da mutum saman ginin da ba a gama ba a nan garin, ya shimfiɗa katako tsakanin bango biyu, ya ba shi bokitin ruwa ya ce ya ƙetare. Ba bokitin yake kallo ba, gwiwa yake kallo.

Duk dawowarsa gidanmu cika yake da mata. Kowane ma'aikaci yakan ɗaure ƙunshin tsarabarsa da igiyar awo, ya rubuta suna a kai, maigidana ya ɗauko su duka. Shi yake karanta suna, ni nake miƙawa. Wadda ba ta samu zuwa ba in kai mata har gida. Nasa akwatin kuwa tun bai cire takalmi ba nake buɗewa, in zazzage aljihu, in shinshina riguna. Sai ya kwanta a tabarma yana dariya yana cewa, "Na wuce dowan huɗu masu binciken kaya a iyaka lafiya, ga ta biyar ta tare ni. Hajiya, in kin samu matar da na ɓoye a ciki, ki ba ta ruwa ta sha." Sunan ya bi ni. Har ya rasu idan yana cikin nishaɗi Dowan yake kirana.

Faɗan da muka yi mafi girma a zamanmu a kan ɗan aminiyata ne. Ba yaro ba ne, magidanci ne mai mata, matar da ciki a lokacin. Maigidana ne ya koya masa gini, hannunsa da kyau, shafensa kamar an goge da tafi. Uwarsa ta zo ta roƙe ni in sa baki a tafi da shi. Maigidana ya gwada shi a kan katako, ya dawo ya ce ba zai ɗauke shi ba.

Na ce, "Don me?"

Ya ce, "Ya ƙetare, amma gwiwarsa rawa take. Mai aikin ƙasa ne. A bar shi a ƙasa."

Na ce, "Ka kwashi 'ya'yan mutanen da ko gaisawa ba ma yi, sai ɗan aminiyata ne gwiwarsa ke rawa? Da wane ido zan dube ta?"

Ya ce, "Bari mu auna tukuna."

Na ce na gaji da awo. Kwana tara ban dafa masa shayi ba. Ina ajiye masa abinci in juya, ya yi magana in amsa da ka. A rana ta goma ya tsaya a bakin madafa ya ce, "Ki gaya mata ya kawo hotunansa. Amma ki tuna ke kika ce." 'Yata, rubuta wannan da kyau. Ni na ce.

Shekara biyu komai lafiya. Ɗan aminiyata yana aiko da muryarsa ta waya, uwarsa ta kawo mu saurara tare, ta sake kunnawa har sau uku. Matarsa ta haifi mace, ya zo ya gan ta sau ɗaya ya koma.

Sai wata shekara maigidana ya dawo ba a lokacinsa ba, ba sanarwa. Ya rame, idonsa ya faɗa. Na buɗe akwati kamar kullum, bai yi dariya ba. Da mata suka taru ya karanta sunaye, ya zo kan ƙunshin ɗan aminiyata ya miƙo mini ba tare da ya ɗaga kai ba. Ya ce mutumin ya bar wurinsa, ya samu aiki mafi tsoka a wani sansani nesa da gari. Ya ce takardarsa ta zama ta ƙare, don haka ba ya kiran waya, idan ya kira za a gano inda yake a kama shi. Yana gaishe da kowa, ya ce a yi haƙuri, da ya gyara takarda zai zo.

Aminiyata ta karɓa ta yi addu'a. A cikin ƙunshin akwai mayafi biyu, turare, da takalmin yarinya.

Haka aka yi shekara shida. Duk shekara ƙunshi, duk shekara gaisuwa, kuma ni nake ɗauka in kai. In zauna a tsakar gidansu in ce yana lafiya, ya yi ƙiba, ya ce a gaishe ku. Wani lokaci har ƙari nake yi daga bakina don in ga aminiyata ta yi murmushi.

Matarsa ce ba ta taɓa murmushin ba. A shekara ta uku ta biyo ni gida, ta durƙusa daga nesa ta gaida maigidana, yana haɗa shayi a inuwa.

Ta ce, "Baba, ina da tambaya in ba za a ga rashin kunyata ba."

Ya ce, "Faɗi, 'yata."

Ta ce, "Wane irin gari ne babu waya amma akwai kantin turare?"

Hannunsa ya tsaya da buta a sama. Ya ce ai aike yake bayarwa a sayo masa. Ta ce, "To mai sayo masa turaren ba zai ara masa waya minti ɗaya ba?" Ni ce na daka mata tsawa, na ce haka ake magana da manya? Ta ba da haƙuri ta tashi. Da ta fita ya zubar da shayin a ƙasa, abin da bai taɓa yi ba, ya shiga ɗaki. Na bi shi na ce lafiya? Ya ce sukari ne ya yi yawa.

Shekara uku da suka wuce ciwon suga da gwiwa suka zaunar da shi, ya daina tafiya. Na zaci ƙunshin zai tsaya. Bai tsaya ba. Gab da azumi sai ya fita da safe ya dawo da shi a hammata, ya ce wani direba ne ya kawo daga arewa. Direban nan ban taɓa ganinsa ba, bai taɓa shan ruwan gidanmu ba, alhali maigidana ko mai gyaran famfo ba ya bari ya tafi bai ci abinci ba. Ƙullin igiyar kuma kwance yake ta hagu, irin nasa. Na gani. Na ce wa zuciyata ai shi ya koya wa mutumin aiki, ƙullinsa ya ɗauka. Ni da ban taɓa barin aljihunsa ba a zazzage ba, shekara shida ban kwance igiya ɗaya ba. Allah ya sani ko tsoro ne ya hana ni.

Bayan addu'ar bakwai aka zo fitar da tufafinsa don sadaka. Akwai akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa inda yake ajiye kayan awo. Ni da 'yata muka buɗe. A ƙasan kayan muka tarar da ƙunshi uku, a ɗaure, kowanne da suna a kai. Na ce ta karanta. Sunan ɗan aminiyata ne, duka ukun.

Wannan karon na kwance. Kowanne mayafi biyu, turare, da takalmin yarinya. Na jera takalman a ƙasa. Na biyu ya fi na farko girma, na uku ya fi na biyu. Ya auna ƙafar yarinyar da ido, ya saya mata na shekara uku masu zuwa. Ɗaya yana cikin ledarsa, 'yata ta karanta rubutun jiki, ta ce, "Inna, wannan shagon a babbar kasuwar garin nan yake."

Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi.

Ina takaba, ba na fita, don haka na aika a kira mini ƙaninsa. Tsakanina da shi wasa ne tun ina amarya, mijina ƙarami nake ce masa har furfura ta cika masa gemu. Ya shigo da la'asar yana ƙoƙarin wasan, ya ce, "Matar Yaya, an ce kina nemana. Ai ki bari takabar ta ƙare tukuna kafin a fara zance." Ban yi dariya ba. Na yaye zanen da na rufe takalman da shi.

Ya daɗe yana kallonsu. Ya ce, "Ya sa mun dafa Alƙur'ani."

Na ce, "Ka yi kaffara, ni zan ciyar a madadinka. Faɗa mini."

Ya ce a ranar, su suna wani hawa a ƙasa suna daɓe, shi kuma ɗan aminiyata yana sama a jikin gini, a kan ƙarafan da ake kafawa a taka. Suka ji hayaniya. Kafin su fito maigidana ya sauko ya ce kowa ya tattara kayan aikinsa, mota tana jira, za a kai su wani aikin a wani gari. Suka tambaye shi ina ɗan'uwansu, ya ce ya faɗo amma da ransa, an kai shi asibiti, shi zai tsaya a kansa. Bayan kwanaki ya same su ya ce ya warke ya canza aiki, sannan ya ɗauko Alƙur'ani ya sa suka rantse ba za su tayar da maganar faɗuwar a gida ba.

Na ce, "Ka ga gawa?"

Ya ce, "Ban gani ba."

"Ka gan shi da rai?"

"Ban gani ba."

"Me ya kai shi sama, bayan an ce mai aikin ƙasa ne?"

Ya ce ana gaggawar miƙa aiki a satin, mutum biyu suna kwance da zazzaɓi. Na ce igiyar da ake ɗaura wa mutum a ƙugu fa, da ita ya hau? Ya ce, "Yaya ba ya barin kowa ya hau babu igiya." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma ni ban duba ba ranar." Ya ce a can idan mutuminka ya faɗo aka zo bincike aka samu kuskure ko ɗaya, ɗan kwangilar ake riƙewa, a kori mutanensa duka. Ya ce su ashirin ne a lokacin, kuma ya sha jin yayansa yana maimaitawa shi kaɗai, gida ashirin, gida ashirin.

Na ce, "To gidajen ashirin ya tsare, ko kansa?"

Ya ce, "Matar Yaya, shekara shida ina kallon fuskarsa ina neman amsar nan. Ke da kike ɗaki ɗaya da shi ba ki samu ba, ni zan samu?"

Babban ɗana da ya ji ya ce a mayar da kayan akwati a rufe. Ya ce mamaci a rufa masa asiri, mutumin da gari ya yi wa shaida irin wannan ba za a zo a ɓata shi da abin da babu wanda ya gani da ido ba. Ita ma mai rubutun nan ta ajiye alƙalami ɗazu ta ce, "Inna, ta'aziyya aka ce a rubuta, ba shari'a ba." Na ce mata ɗauki alƙalaminki. Ban ce ya kashe kowa ba. Ban ce ya sayar da kowa ba. Ina son mutumin nan, ina farkawa in miƙa hannu in lalubi wurinsa, na yafe masa duk abin da ke tsakanina da shi duniya da lahira. Amma abin da ke tsakaninsa da matan nan biyu ba nawa ba ne da zan yafe, kuma ba zan sake ɗaukar ƙunshi in ƙetare layi in ce yana gaishe ku ba.

Na yi wata guda ina ɗagawa. Shekaranjiya da hantsi na aika aka kira aminiyata da surukarta.

Na shimfiɗa musu tabarma, na jera kayan a gabansu, na faɗi inda na same su da abin da ƙaninsa ya gaya mini, ban rage ba, ban ƙara ba. Na faɗi kwana taran da na yi ban dafa shayi ba, da abin da maigidana ya ce a kan gwiwar ɗanta, wanda ban taɓa gaya mata ba.

Aminiyata ta ɗauki ƙaramin takalmin ta juya shi a hannunta. Ta ce, "Ɗana ne ya saya. Da wuri ya aiko, Alhaji ya ajiye masa." Na ce leda ta kasuwar nan ce. Ta ce, "Leda ai ko'ina ana samu. Ƙawa, rashi ne ya taɓa ki, ki riƙa samun barci." Ta ɗaure ƙunshi ɗaya da bakin mayafinta, ta dafa bango ta miƙe, ta fita ba sallama. Kunun da take aiko mini kowace safiya tun ranar rasuwa bai daina zuwa ba. Ita ce ba ta zuwa.

Surukar tata ba ta tashi ba. Ba ta taɓa komai a cikin kayan ba. Na ce mata ɗana ya yi alkawari zai sa mutanen da suka rage a can su bincika asibitoci da inda ake ajiye sunayen matattu, kuma malaman unguwa sun san hukuncin matar da mijinta ya ɓace, zan aika a yi musu magana.

Ta ce, "Inna, kwana nawa ya rage miki?"

Na ce wata uku ba 'yan kwanaki.

Ta ce, "Ke kin ga naki an wanke shi, an fita da shi ta ƙofar nan. Kina ƙirga kwana, ranar da ya cika ki yi wanka ki fita. Ni shekara shida ban san ko matar aure ce ni ko mai takaba ba. Mutum biyu sun aiko, na ce ina da miji. Ƙuruciyata a bakin ƙofar nan ta ƙare ina jiran turare." Ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na ce ta yafe mini. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta gyara mayafinta, sannan ta dube ni ido cikin ido, karo na farko tun da aka kawo ta unguwar nan.

Ta ce, "Kina kusa da shi da zai cika. Bai ce komai ba?"

'Ya'yana sun yi mini wannan tambayar, liman ya yi mini, na ce musu bai bar wasiyya ba. Ƙarya na yi, Allah ya yafe mini. Na ce wa kaina zafin ciwo ne, don haka na fi so ya zama.

Bayan sallar la'asar ne. Ya ce a fito da shi tsakar gida, ɗakin ya ishe shi. Aka kwantar da shi a inuwa, kowa ya shiga harkarsa, ni kaɗai na rage ina matsa masa ƙafa. Ya daɗe idonsa a rufe har na zaci barci ne. Sai ya lalubo hannuna da hagunsa ya riƙe. Na kara kunne. Bayan wannan bai sake yi mini magana ba, shahada ce kawai a bakinsa har aka kira magariba. Allah ya ji ƙansa, ya yi masa hisabi mai sauƙi, ya sa can ta fi masa nan.

Abin da ya ce na maimaita mata yadda ya fito daga bakinsa:

"Hajiya, matar yaron nan. Ki ce mata ta daina jira. Ni na kasa."